Me ya sa gidan yari a Amurka ya dawo min da wasiƙa da Alƙur'anin da na aika wa ƙanina?

Tambayar ta fito ne daga wata 'yar'uwa a Kano. Ƙaninta yana tsare a Amurka, ta haɗa masa wasiƙa da Hausa, hotunan yaransa, Alƙur'ani bugun Kano, carbi, ɗan kilishi da dala 50 duk a ƙunshi ɗaya ta aika, bayan wata biyu kayan suka dawo mata da hatimi a kai, ko wasiƙar bai gani ba. Tana so ta san ko don shi Musulmi ne, kuma me aka yarda a aika masa.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya fitar da shi lafiya, ya ba ku haƙuri. Aikina yana haɗa ni da iyalan mutanen da ke tsare, kuma gaskiya da na karanta jerin kayan nan naki ban yi mamakin dawowarsu ba ko kaɗan, domin kusan kowane abu ɗaya a ciki shi kaɗai ya isa a mayar da ƙunshin gaba ɗaya. Ba ina cewa babu wariya a gidajen yarin Amurka ba ne, akwai, amma a wannan karon ko Kirista ne ya aika wa ɗansa Baibul da biskit da dala 50 a kwali ɗaya haka za a dawo masa da shi. Kin yi lissafi ne irin na gida, inda mutum zai ɗauki kwanon tuwo ya tafi Kurmawa ko Goron Dutse, gandiroba ya sa shi ya ɗanɗana a gabansa a shigar da shi. Can ba haka ba ne, kowane abu da ƙofarsa, wasiƙa daban, littafi daban, kuɗi daban, kayan ibada daban, abinci kuwa daga gida babu ƙofarsa ma.

Abu na farko da za ki bincika, wane irin gida yake ciki. Akwai na gwamnatin tarayya, akwai na jihohi 50 kowacce da dokarta, akwai kuma ƙananan kurkukun gunduma inda ake ajiye masu jiran shari'a, su waɗannan ma sun fi kowa tsauri da rashin tsari, wasu sun taɓa cewa katin gidan waya kawai suke karɓa babu ambulan sam. In na tarayya ne yana da lamba mai alƙaluma takwas, biyar sai ɗan layi sai uku, kuma za ki iya sa sunansa a shafin hukumar gidajen yarin tarayya na intanet ki ga gidan da yake. Wannan lambar sai ta fito a jikin ambulan tare da cikakken sunansa na takarda, wanda aka yanke masa hukunci da shi, ba sunan da kuke kiransa a gida ba. In kin rubuta Baba Ƙarami ko Ɗanlami alhali a fayil Muhammad ne, toh babu mai wannan sunan a wurinsu. Ke ma sai kin sa cikakken sunanki da adireshinki a saman ambulan, wasiƙar da ba ta da adireshin mai aikowa yawanci ba ta wucewa. Sannan gidaje da yawa ta gidan wayan gwamnati kawai suke karɓa, in kika biya kuɗi mai yawa kamfanin aika saƙo na gaggawa ya kai musu bakin ƙofa suna iya cewa ba su karɓa.

Yanzu ga abin da mutanenmu ba su cika ganewa ba, mu muna ɗauka abin da muka rubuta suke tsoro. Eh suna karantawa, amma yau babban tsoronsu takardar ce kanta. Akwai ƙwaya ta haɗin sinadarai da ake kira K2, ruwa ce, ana fesa ta a jikin takarda ta bushe, a rubuta wasiƙa a kai kamar ba komai, in ta shiga ciki a yayyanka ta ƙanana a sayar ana sha kamar taba. Akwai kuma wani magani mai suna Suboxone da ke zuwa a siririn fallen da ke narkewa a baki, ana ɓoye shi ƙarƙashin kan sarki, ko cikin gam ɗin bakin ambulan, ko a narkar da shi a shafa a zanen yara a rufe da kala. Saboda haka ma'aikacin ɗakin wasiƙu in ya buɗe ambulan da safar hannu, kafin ya karanta kalma ɗaya sai ya ɗaga takardar a haske, ya shafa ta, ya duba ko ta yi tauri ko ta kumbura kamar wadda ta jiƙe ta bushe, ko akwai tabo, ko tana ƙamshi. Toh ki duba al'adarmu. Mace za ta rubuta wa mijinta wasiƙa ta ɗiga mata humra, ko takardar ta kwana a durowa ɗaya da turaren wuta, ko da ɗanyen lalle a hannu aka naɗe ta ya bar shaida, ko hawaye ma wlh ya ɗiga tawada ta baje. A wurinki ƙauna ce, a wurinsa alama ce ta takardar da aka jiƙa. Mafi muni shi ne rubutu, a je wurin malam ya rubuta ayoyi da tawadar gargajiya ko da za'afaran a naɗe a saka a ambulan da nufin ya wanke ya sha. Takarda mai launin ruwan ɗorawa, da rubutun da ba su iya karantawa, an kuma ce a jiƙa a sha, ki yi tunanin yadda wannan zai kasance a idon Baturen da aka horar ya nemi ƙwaya a jikin takarda. Ba wai a dawo da ita kawai ba, ana iya tura ta gwaji, a kulle shi shi kaɗai kafin sakamako ya fito, kuma na'urorin gwajin gaggawan nan suna yin kuskure. Dan Allah kar a aika masa laya ko rubutu. In addu'a ce a rubuta ta da biro a farar takarda ya karanta.

Wannan tsoron ne ya sa wasu jihohi suka daina ba fursuna asalin wasiƙa gaba ɗaya. Pennsylvania ta fara nata a 2018, bayan ta kulle dukkan gidajen yarinta a ƙarshen watan Agusta saboda ma'aikata suna cewa suna rashin lafiya daga taɓa ƙwaya, sai aka ce duk wasiƙar iyali a aika ta wani kamfani a St. Petersburg ta jihar Florida, su yi sikanin, a buga kwafi a ba mutum. Texas ta koma irin wannan tsarin a 2023, wasiƙa tana fitowa ne a allon ƙaramar kwamfutar hannu da ake ba fursunoni. Gidajen tarayya da dama su ma fotokwafi suke bayarwa. Ni dai a ganina wannan ya wuce gona da iri, domin ba ta wasiƙa kaɗai ƙwaya ke shiga ba, ana kama ma'aikata da ita ana gurfanar da su, amma uwar da ta rubuta wa ɗanta da hannunta ita ce ake hana takardarta ta taɓa hannunsa. Amma dai haka dokar take, kuma amfanin sanin haka gare ki shi ne adireshin aika wasiƙa wani lokaci ba shi ne adireshin gidan yarin ba, yana iya zama wata jiha ma daban, sai kin duba shafinsu. Kuma ki rubuta da baƙin biro ko shuɗi a farar takarda, ki bar fili a gefe saboda injin yana yanke baki, kar ki yi amfani da fensir ko kala ko sitika ko ƙyalƙyali, katin barka da sallah mai kauri ko mai kiɗa shi ma a bar shi. Hotuna a wanke su a takardar hoto ta yau da kullum, kaɗan ba tuli ba, kowane gida da adadinsa, kar a aika irin na nan-take mai kauri, kuma kar ki aika hoton da shi kenan gare ku don asalin ba lallai ya dawo ba. Ki lura da hoton jariri tsirara a baho, mu ba komai ba ne a wurinmu, su tsiraici ne za su hana, haka yara su ɗaga yatsu suna wata alama ana iya cewa alamar 'yan daba ce.

Maganar Hausa kuma. Ba laifi ba ne ki rubuta masa da harshenku, amma ki sa a ranki za ta daɗe, domin in ba su da mai karantawa sai a ajiye a nemi fassara, kuma mai jin Hausa ba shi da yawa a ma'aikatansu. Wasu gidajen suna fakewa da cewa abin da ba a gane ba tamkar rubutun sirri ne. A 2022 an ruwaito cewa gidajen yarin Michigan sun hana ƙamus na Sifaniyanci da na Swahili, wai kar fursunoni su koyi harshen da ma'aikata ba sa ji su shirya wani abu, sai da aka yi ta surutu a kai. Amma kuma a 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan wani fursuna ɗan asalin Laos a Iowa da aka takura wa rubuta wasiƙa da harshensu, saboda haka ba su da ikon cewa Turanci kawai ba tare da dalili ba. Shawarata ki rubuta da boko ba ajami ba, da rubutu mai kyau ko a buga a kwamfuta, in da hali a saka fassarar Turanci a bayan takardar, sau da yawa wannan yana rage jira. Karin magana da habaici ki rage, in injin fassara ya juya "a bar kaza cikin gashinta" Allah kaɗai ya san me zai fito.

Kuma ki rubuta kamar mai gabatar da ƙara yana zaune kusa da ke, don a zahiri yana iya karantawa. Kar a tattauna shari'arsa, kar a ambaci sunan shaidu, kar a ce wane ya ce a gaya maka kaza game da kuɗin nan, kar a saka wasiƙar wani a cikin taki, musamman ta wani fursuna ko wanda kotu ta hana su magana. Waya ma haka, ana naɗa, kuma in ya kira ki kika haɗa shi da wani a layi ko kika tura kiran wata lamba, shi za a hukunta a yanke masa waya. Wayar salula kuwa a gidan tarayya laifi ne mai zaman kansa tun dokar 2010, ana iya ƙara wa mutum har shekara ɗaya, in ya taɓa kiranki ta WhatsApp daga ciki ki ce masa ya rufa wa kansa asiri. Wasiƙar da ba a karantawa ita ce ta lauya da kotu da ofishin jakadanci, ana buɗe ta ne a gabansa a duba babu kaya a ciki a miƙa masa, amma a tarayya sai ambulan ɗin ya nuna wanda ya aiko sarai kuma an rubuta "Special Mail - Open only in the presence of the inmate" a jiki. In yana da fasfo ɗin Najeriya yana da haƙƙin tuntuɓar ofishin jakadancinmu a Washington ko ƙananan ofisoshin New York da Atlanta ƙarƙashin yarjejeniyar Vienna ta 1963. Kar wani ya ba ki shawarar ki rubuta sunan lauya a ambulan ɗinki don ta wuce, ana kira a tabbatar, in aka gano ƙarya ce sunanki zai shiga jerin waɗanda aka toshe.

Sai Alƙur'ani, wanda na san shi ya fi ci miki rai. Ba a hana shi Alƙur'ani ba, hanyar da ya biyo ce ba a yarda da ita ba. Tun 1979 a shari'ar Bell da Wolfish Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa gidan yari zai iya cewa littafi mai bango mai tauri sai dai ya zo kai tsaye daga maɗaba'a ko kantin littattafai, don ana tsaga bangon a cusa reza ko kuɗi ko ƙwaya a liƙe. A dokar tarayya yanzu, mai bango mai tauri da jarida dole daga maɗaba'a ko kanti a kowane gida, mai bango mai laushi kuma a gidaje masu sassaucin tsaro ana iya karɓa daga kowa, amma a matsakaita da masu tsanani shi ma sai daga kanti. Jihohi da yawa sun ma fi haka, sabo kawai suke karɓa, wasu bango mai laushi kawai, wasu suna da 'yan kantunan da suka amince da su. Naki ya fito daga hannun mutum, daga wata ƙasa, wataƙila ma irin mai warwatse cikin gafaka ta fata da igiya, toh babu ta inda zai bi. Abin yi shi ne wani da ke Amurka ya saya masa sabo mai bango mai laushi a kantin littattafan Musulunci na can, kantin ya aika da kansa da rasit a ciki, sunansa da lambarsa a jiki. Yawancin na can Hafsu ne, in shi da Warshu ya yi karatu a makarantar allo sai a nemi bugun Maroko a tambayi kantin. Kafin nan ma ya je wurin mai kula da harkar addini na gidan, yawanci akwai Alƙur'ani a ɗakin ibada. Carbi da hula da dadduma da man turare su ma ta hannun wannan ofishin ko kantin cikin gida ake samu, daga 'yan kasuwar da aka amince da su, ba daga gida ba. A fannin addini ma doka ta fi ba shi ƙarfi fiye da sauran fannoni, akwai dokar 1993 ga na tarayya da ta 2000 ga na jihohi, da ta biyun ce wani fursuna Musulmi a Arkansas ya ci nasara a Kotun Ƙoli a 2015 aka bar shi ya tsayar da gemu na rabin inci. Saboda haka in aka ce masa ba zai mallaki Alƙur'ani ba sam, wannan magana ce ta lauya, amma in aka ce sai dai ta kanti, babu alƙalin da zai saurare ku.

Sauran littattafai da mujallu ana duba abin da ke ciki. Ma'aunin da kotuna ke bi ya fito ne daga shari'ar Turner da Safley ta 1987, cewa in dai dokar gidan yari tana da alaƙa mai ma'ana da tsaro ko tsari ko gyaran hali toh ta zauna, kuma a 1989 a shari'ar Thornburgh da Abbott aka ɗora wannan ma'aunin a kan littattafan da ke shigowa. Ma'auni ne mai sauƙin tsallakewa ga hukuma, shi ya sa fursunoni suka fi faɗuwa a irin waɗannan ƙararrakin. A rubuce dokar tarayya ta ce shugaban gida ba zai hana littafi don kawai na addini ne ko na siyasa ko don ba ya son ra'ayin ba, sai in yana koyar da haɗa makami ko ƙwaya ko giya, ko hanyar tserewa, ko an rubuta shi da rubutun sirri, ko yana tunzura rikici, tsiraici kuma an hana. Amma shafi ɗaya in ya saɓa, littafin gaba ɗaya ake mayarwa, ba a yage shafin a ba shi sauran. A aikace kuwa abin yana komawa ga wanda ke bakin aiki ranar, littafin koyon wayarin wuta ko na kwamfuta ko mai taswira a ciki ana iya hana shi a wannan gidan a bari a na gaba da shi. A 2006 ma Kotun Ƙoli ta yarda Pennsylvania ta hana fursunonin sashe mafi tsanani jarida da mujalla da hotunan iyali ɗungurungum. Can ƙarshen layin akwai waɗanda ministan shari'a ke sa wa takunkumi na musamman, irin Umar Faruk Abdulmutallab da ke ADX, gidan yarin tarayya mai matuƙar tsaro a Colorado, wanda ya shigar da ƙara a 2017 kan yadda aka yanke shi daga magana da kusan kowa, amma wannan na shari'o'in ta'addanci ne, ba na jin ya shafi ƙaninki. Kaset, faifan CD, memori, filas, duk a manta da su, wa'azi ko karatu ko waƙa sai abin da ke cikin na'urar da gidan ke sayarwa, rediyo ma a kantinsu zai saya.

Kuɗi ba a sa shi a wasiƙa. A tarayya ana turawa ta Western Union ko MoneyGram da lambarsa, ko takardar kuɗi ta gidan waya zuwa wani akwati na musamman a Des Moines ta jihar Iowa, jihohi kuma kowacce da kamfaninta. Da kuɗin zai sayi kan sarki da ambulan, don su ma ba a yarda a aiko masa daga waje ba, ya sayi abincin gwangwani da sabulu da mintocin waya. Kilishi kuwa ku cinye abinku, yaji ma kar a gwada, gari ne a leda. In na tarayya ne ki ce ya saka imel ɗinki a CorrLinks, wato tsarin imel na fursunoni, za ki ga gayyata ki amsa, rubutu zalla ne babu hoto, ana tantancewa, amma ya fi jiran gidan waya daga Kano nesa ba kusa ba.

Ki koma ki duba kwalin da ya dawo da kyau, ko akwai takarda a ciki ko an yi alama a wani ɗan akwati a jikin hatimin. Tun shari'ar Procunier da Martinez ta 1974 doka ta ce in an hana wasiƙa sai an sanar, a ba da damar ƙorafi, kuma wanda zai duba ƙorafin ba shi ne wanda ya hana ba. Sai dai ƙunshin da aka ƙi karɓa tun daga bakin ƙofa ba a buɗe ba, sau da yawa hatimi kawai ake buga masa, ina zaton naki haka ne, kuma babu abin ɗaukaka ƙara a kai, sake aikawa za ki yi yadda ya dace. In gaba aka hana wasiƙa zalla ko littafin da ya zo daga kanti, toh a nan ne ake tsayawa. A tarayya wanda ya aiko littafin yana da kwana 20 ya rubuta wa daraktan shiyya na hukumar gidajen yari, shi kuma ƙanin naki ya cike fom ɗin ƙorafi na cikin gida mataki-mataki, BP-9 zuwa shugaban gida, BP-10 shiyya, BP-11 hedikwata, ya kiyaye ranakun, ya ajiye kwafin komai, domin dokar 1996 ta ce kotu ba za ta saurari fursuna ba sai ya gama bin waɗannan matakan. Ki riƙa sa lamba da kwanan wata a saman kowace wasiƙa, ta 1, ta 2, ta 3, ki ɗauki hotonta a waya kafin ki rufe, in ya ce miki ya ga ta 4 bai ga ta 3 ba kun san wadda za a tambaya. Ki turo min sunan jihar da na gidan kawai, ba sunansa ba, sai in faɗa miki adireshin da suke karɓar wasiƙa da irin kantunan da suka yarda da su.